Fiffiken Hagu na Jirgin Baffa

Ban san Baffa yana da jama'a haka ba sai ranar da muka rasa shi. Layinsu a unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira siriri ne, in tuk-tuk biyu, wato keke mai ƙafa uku, suka haɗu sai ɗaya ya ja da baya, amma ranar an jera kujeru tun daga bakin titi har ƙofar masallaci, kuma ba su isa ba. Mutanen Sudan suna shigowa su ɗaga hannu su ce Fatiha. Misrawa suna rungumar juna. Ɗalibanmu na Najeriya suka zo a tare bayan la'asar da littattafansu a hammata. Kowa ya gama gaisuwa sai ya ɗan karkata ya leƙa shagon da ke ƙasan benen, inda jirgin saman katakon da yake haɗawa yake. Gangar jikinsa tana kan benci biyu, fikafikansa biyu suna jingine da bango, an rufe su da farin ƙyalle an yi musu fenti.

Wata tsohuwa da ke sayar da ganye a kusurwa ta ce ita duk shekarun nan ta ɗauka kwalekwale yake sassaƙawa. Mai gadin benen ya ce, "Kullum in na ce masa ya Kaftin, yaushe za mu tashi, sai ya ce in fara rage tumbi." Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Wani magidanci da yaƙi ya koro daga Sudan ya ce makonsa na farko a Alƙahira 'ya'yansa a kan simenti suke kwana, sai ga Usta, kamar yadda suke kiran Baffa, da gado a kafaɗa, bai ma tsaya shan shayi ba.

A sama, wajen mata, Inna matar Baffa tana zaune a kan tabarma, idonta a bushe, tana ba da labarinsa kamar wanda ya je kasuwa zai dawo. Ina shigowa da faranti na ji tana cewa, "Fiffiken hagun nan ma ni na shafa masa mai da hannuna. Da ya dawo daga asibiti ya gani, wallahi sai da ya yi hawaye." Mata suka ce Allah sarki. Ni kuwa na ajiye farantin don kar ya suɓuce mini.

Ni kaɗai na san dalilin hawayen nan. Man Inna ne ya lalata fiffiken, ba zai iya ɗaukar mutum ba har abada, kuma Baffa ya sa na yi masa alkawarin ba za ta taɓa ji ba. Ga shi a ƙasa amininsa, wani tsohon Bamisre da ya yi ritaya daga gyaran ƙananan jirage, wanda muke ce wa Ammu, ya riga ya faɗa a gaban mutane cewa shi zai ƙarasa jirgin, kuma in izini ya fito ɗansa matuƙi ne zai fara tashi da shi.

Baffa ɗan ƙanin kakana ne. Mahaifinsa ya bar ƙasar Kano da ƙafa zai tafi Makka, ya yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Da mijina ya samu karatu a nan muka kama haya a unguwar Faisal, mahaifina ya ba ni lambar waya a takarda ya ce, "Kina da uba a can, ki neme shi." Na same shi dogo, siriri, fensir a bayan kunne, ƙurar katako a gira. Hausarsa irin ta kakanni ce, ya cakuɗa ta da Larabcin Sudan. Ya dube ni ya ce, "'Yar Kano, kin iya Turanci?" Na ce na taɓa. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, Allah ya kawo ki."

Takardun zanen jirgin da Turanci suke. Babbar 'yarsa da ke aure a Jidda ce ta sayo masa su, sun fi shekara a ƙarƙashin katifa yana kallon hotuna kawai. Daga nan duk Asabar da Talata sai in hau ƙaramar bas in zo in zauna a kan kujerar roba a bakin shago, ina karantawa ina fassarawa, shi yana aunawa. Ni mai son littattafan soyayya ce tun ina sakandare, akwati guda na zo da su daga Kano, kuma na saba karatu da jan murya. Sai ya ce, "Ke, awon katako nake so, ba wasiƙar saurayi ba. Inci nawa?"

Na taɓa tambayarsa abin da ya kai kafinta ga jirgin sama. Ya ce yana saurayi an ɗauke shi gyaran ƙofofi a wani filin ƙananan jirage masu feshin gonakin auduga. Wata rana aka yage ƙyallen wani tsohon jirgi a gabansa, ya leƙa ciki ya ga katako ne, siraran sanduna da gam, aikin da hannunsa ya sani. "Tun ranar ban ƙara ganin jirgi a sama na ce na Turawa ba ne," in ji shi. "Na kafintoci ne." Sannan ya ƙara da cewa mahaifinsa ya yi shekara biyu yana taka hanyar nan, shi yana so ya ga ko yaya ƙasa take ga wanda ba ya taka ta.

Ba shi da gaggawa. Da safe yana yin ƙofofi da gadajen mutane, bayan azahar na jirgi ne. In zai sayi katako yakan wuni a wajen dillalai yana juya falanki, yana ƙirga layukan jikinsa da farce, ya ɗauki ɗaya ya bar hamsin. Ƙyallen rufi kuwa sai da muka je kasuwar Ataba sau uku, yana ɗaga yadi ga rana yana ja, har mai shagon ya ce, "Ya Hajji, amarya za ka yi wa ko me?" Ya ce, "Ta fi amarya tsada, kuma ba ta magana."

Abin da bai taɓa tsallakewa ba shi ne gwajin gam. Gam ɗin kwalba biyu ne, ana haɗa su. Duk haɗin da ya yi sai ya ɗauki guntaye biyu na katakon da yake aiki da shi ya manna su, ya rubuta rana da fensir. In sun bushe ya matse su ya kawo guduma ya buga. In katakon ya yage ya bar gam a riƙe, sai ya ce tamam, ya yi daidai. In suka rabu sumul a kan layin gam, to duk abin da aka manna da wannan haɗin sai an ɓalle shi. Yakan ce mini, "Kar ki tambayi idonki, ki tambayi guduma."

Jirgin mai kujera biyu ne, kuma kowa ya san ta biyun ta wace ce. Inna ta ce ko a mafarki. Wata Talata ya hau sama da zaren awo a aljihu, tana tsaye tana soya albasa ya lallaɓa ta baya ya auna faɗinta. Na jiyo ihunta daga ƙasa. "Tsoho da kai! Ka auna uwar wa?" Ya sauko yana dariya har da tari, ya rubuta awon a bango, ya ƙara yatsu huɗu. Na ce na mene ne ƙarin? Ya ce, "Na nan gaba. Ba ki ga yadda take son kayan zaƙin nan basbusa ba?" Duk littattafan da na karanta ban ga inda saurayi ya yi wa budurwa abin da ya kai wannan ba, sai dai su a littafi ba a zagin uwar kowa.

Fiffiken dama ya kammala lafiya. Na hagu kuwa ya gama haƙarƙarinsa goma sha huɗu, ya goge doguwar sandar da za a jera su a kai, saura mannawa, sai ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Sati uku ya yi a asibiti, a tsakiyar zafin da ke sa ƙofofi su yi ta ƙara su kaɗai. Inna tana dawowa daga jinya ta buɗe shago ta ga katakon nan fari fat, a bushe. Ita a gidansu ta tashi ta ga ana shafa wa akushi da turmi da ƙafafun gado man riɗi don kar su tsage. Har yau akushin mahaifiyarta yana nan yana sheƙi. Sai ta ɗauko galan ɗin manta mai kyau, wanda aka aiko mata daga Sudan, wanda ko miya ba ta cika sa wa ba. Kwana uku tana shafawa, in katakon ya shanye ta ƙara.

Ina wurin ranar da aka sallamo shi. Bai hau sama ba, shago ya fara shiga. Ƙanshin riɗi ne ya tare mu. Katakon ya yi ja yana ƙyalli kamar zuma, Inna tana tsaye a gefe ta riƙe bakin mayafi tana murmushi. Ya sa yatsa ya shafa, ya duba yatsan. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago akwai ruwa a idonsa. Ya ce, "Hajja, Allah ya yi miki albarka. Ko ɗaya bai tsage ba."

Da ta hau sai ya yanki guntu daga ƙarshen sandar ya manna. Asabar da na dawo ya buga a gabana, suka rabu sumul kamar ba a taɓa haɗa su ba. Ya kankare, ya wanke da tina mai narka fenti, ya goge da sanfefa, ya sake gwadawa. Wani ya riƙe, wani ya saki. Man ya riga ya shige ciki. Ya ce, "Irin wannan ya fi wanda ya saki gaba ɗaya sharri. Zai riƙe yau, ya riƙe gobe, ya saki ran da mutum yake sama."

Na ce, "To a yar mana, Baffa."

"A yar ina? Ta leƙo ta baranda ta gan shi a bola?"

"Ka gaya mata gaskiya. Ai ba da gangan ta yi ba."

"Shi ya sa ba zan gaya mata ba."

A nan muka yi faɗanmu, ɗaya tak a shekarun da na san shi. Na ce abin da zai yi yaudara ce, kuma haɗari ne. Ya ce tun kafin a haife ni yake auren matar nan, bai taɓa ganin ta taɓa kayan aikinsa ba sai wannan karon, kuma tsoron kar ya mutu ya bar jirgin ne ya sa ta taɓa. Na ce duk da haka. Ya buga tafin hannu a benci ya ce, "Ke kin cika akwati da littattafan soyayya amma ba ki gane komai ba!" Na ɗauki jakata na fita. Sati biyu ban zo ba. Ranar Juma'a ta biyu sai ga mai tuk-tuk a ƙofarmu a Faisal da 'yar kanta ta katako mai hawa uku, an goge ta sumul, daidai tsayin littattafaina. Babu saƙo. Da na koma bai ce komai a kan faɗan ba, sai ya miƙo mini takardar zane ya ce, "Yi mini alkawari tukuna." Na yi.

Haka ya zauna ya haɗa fiffiken nan da ya san ba shi da amfani. Wata bakwai. Bai yi masa aikin ha'inci ba, kowane haƙarƙari sai da ya daidaita shi da zare, ya ɗinka ƙyalle, ya yi fenti. Inna takan sauko da jabana, kofin Sudan mai citta, ta zauna ta ce, "Nawa ya fi naka kyau." Ya ce, "Nesa ba kusa ba." Da ya gama sai ya sayo sabon katako ya fara na uku. Ta ce, "Wannan kuma fa?" Ya ce dokar jirgi ce, sai da safaya. Ta ce, "Kamar mota?" Ya ce, "Kamar mota." Ni ya gaya mini in na ukun ya kammala zai musanya su ranar da za a kwashe jirgin, ba wanda zai lura. Ko Ammu bai gaya wa ba, don matar Ammu ƙawar Inna ce, kuma a cewarsa magana ba ta kwana a bakinta.

Haƙarƙari tara ya yi. Wata safiya bayan walaha mai gadi ya leƙo ya gan shi a kan kujerar roba, ya jingina kai da bango, shayinsa a gefe bai huce ba. Fuskarsa kamar ta wanda ya gama lissafin awo ya fito daidai.

Bayan sadakar arba'in 'ya'yansa mata suka amince Ammu ya kwashe jirgin zuwa wani rumbu a bayan gari. Aka sa rana. Na kasa cin abinci, har mijina ya tsare ni na faɗa masa. Bai kawo mini dogon bayani irin na ajinsu ba. Ya ce, "Alkawarin da kika yi wa mamaci bai kai ran ɗan mutane ba. Tashi mu je."

Muka sami Ammu a shagon yana naɗe takardun zane. Mijina ya fassara masa. Ya zauna a kan benci ya dafe kai, ya ce, "Mahaukaci. Wallahi mahaukaci." Yana faɗa yana share ido. Na roƙe shi ya ɗauki fiffiken tare da sauran kaya, in ya je can ya ƙone shi, Inna ba za ta sani ba. Ya girgiza kai. "La, ya binti, a'a 'yata. Kayan gado ne. Ba zan karɓi abu a hannun matar da ke takaba in je in ƙone a ɓoye, sannan in dawo in sha shayinta ba. Kuma ta ce in ta fita takaba za ta zo ta ga fiffikenta a jikin jirgi. Me zan nuna mata? Ko ki gaya mata, ko ni in gaya mata da Larabcina marar daɗi."

Da safen ranar kwasar kaya na hau sama. Motar ta riga ta toshe layi, 'yan dako suna ta ihun yalla yalla, a yi sauri. Inna tana bakin ƙofar baranda, daga ciki, tana tsintar shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta, na kasa tashi.

"Lafiya, 'yar nan?"

"Inna, fiffiken hagu ba zai tafi ba."

"Don me?"

Na gaya mata. Gam, da mai, da guduma, da na ukun da ba safaya ba ne. Ban ɗago ba har na gama. Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar.

"Tun ranar ya sani?"

"Tun da ya shafa yatsa."

"Kuma ya zauna ya haɗa shi duka."

"Duka."

"Wata nawa ma ya yi a kai?"

"Bakwai."

Na jiyo ana jan gangar jirgin a ƙasa. Sannan ta ce, "Da ciwon ƙirjin nan. Wata bakwai yana aikin banza, ni kuma ina sauka da kofi ina yi masa gori." Kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, na ce, "Ma'alish, Inna, ki yafe mini." Ashe dariya ce da kuka a haɗe, kuma shi ne kukan farko da na ga ta yi tun rasuwar. Ta ce, "Da ya faɗa mini ai da na yi kwana biyu ina jin kunya shi ke nan. Wawan tsoho. Allah ya jiƙanka, wawan tsoho." Ta goge fuska da mayafi. "Wa zai hau jirgin?"

"Ɗan Ammu."

"Mai 'yan biyun nan? Kuma kika kwana arba'in da wannan a cikinki?" Ta dungure mini kai. "Tashi ki leƙa ki ce musu na hagu su bar shi. Su tafi da guntayen sabon, Ammu ya ƙarasa. Wancan nawa ne, a hawo mini da shi."

Fiffiken ya fi mita huɗu, matakalar benen ba ta karɓe shi ba. Sai aka yi yadda ake yi wa kabad da katifa a garin nan. Mutum biyu suka hau rufin bene suka sako igiya, aka ɗaure shi a tsakiya, aka fara ja. Layin gaba ɗaya ya fito kallo. Ammu yana ƙasa yana ihu a yi a hankali, mai gadi yana ba da umarnin da ba wanda ke ji. Ya wuce hawa na ɗaya, ya wuce na biyu. Daidai na uku iska ta ratso ta layin ta shiga ƙarƙashinsa. Igiyar ta yi sako-sako. Farin fiffiken nan ya ɗaga da kansa, ya kwanta a kan iska a saman shanyar mutane, ya tsaya cak na ɗan lokacin da mutum zai ja numfashi biyu, kafin ya dawo ya rataya.

Inna tana bayana, ta riƙe kafaɗata da hannun da ke da garin shinkafa. Ta ce a hankali, "Kin gani? Aikinsa ba ya ƙin tashi."

Aka jawo shi ta baranda, muka kama mu huɗu muka shigar. Yana nan a bangon falonta, daga ƙofa har taga.

Ya Allah, bawanka kafinta ya zo gare ka. Ka yalwata masa makwanci, ka sa masa haske, ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa matarsa. Wanda duk ya karanta wannan, ya yi masa Fatiha ɗaya.